Kabarin Ƙarshe na Gidan Swinnerd

A ƙauyenmu na Yorkshire da ke Ingila, masu sunan Swinnerd sun fi yawa a ƙasa fiye da a sama. Wadda ta rage da rai ita ce Maud, mai shekara tamanin da ɗaya, kuma gurbin kabari ɗaya ya saura a gefen danginsu a bayan coci. Duk mai sunan yana da haƙƙi a kan gurbin, wanda ya riga mutuwa shi ke samu.

Ni ke riƙe da tsoffin littattafan coci, don haka da wani baƙo ya iso ƙauyen, wurina ya fara zuwa. Sunansa Clive Swinnerd, in ji shi, daga Ostareliya. Na lura yana tari. Na kai shi gidan Maud.

Ta ba shi shayi a kofin da ya tsage, ta kafe shi da ido.

"To, ɗan samari, mene ne ma'anar sunan?"

Maƙaryata biyu sun taɓa zuwa, kowannensu ya ce ma'anar sunan jikan jarumin sarki ce, ta kore su.

"Makiyayin aladu, Goggo. Kakana ya ce har warin muka gada."

Fuskarta ta ɓaci. Wannan na gida ne.

"Tarin nan fa, ya daɗe?"

"Tun bara."

Ta ƙara masa zuma a shayi, ta ce ya saka rigar sanyi. Washegari da safe na ga mai sassaƙa yana kafa dutse a gurbin, da sunan Maud da shekarar haihuwarta.