Neman Aure a Tsakiyar Tafki

Tun da motar ta bar babban titi ta kama hawan duwatsun arewacin Guangzhou, Mero take gyara zama. Mahaifinta, Malam Kallamu, yana gaba kusa da direba, ya zuba wa itatuwan gora da suka yi layi a gefen hanya ido. 'Yarta Najiba kuwa ta manna waya a gilashi, ba abin da ya wuce ba ta ɗauka ba.

Mero ta daɗe a garin nan. Jakunkunan mata take sarowa daga masana'antun Shiling tana turawa Kano, kuma tun rasuwar mijinta ita kaɗai ke riƙe da kasuwancin da yarinyar. Bana ta samo wa mahaifinta biza don ya zo ya ga inda suke. Bai jima ba ya fara ramewa. Mutumin da ya tashi a bakin kogin Wudil, ya yi aikin malamin gona har ya ajiye, sai ga shi can sama a dogon bene, ba ya taka ƙasa sai lifta ta sauko da shi. Shi ya sa da ta kama gidan hutu a bakin tafki na ƙarshen mako, duk wanda ya tambaya sai ta ce Baba ne ke buƙatar iska.

Gaskiya ce, amma ba ita ke nan ba. Akwai Rauf, mutumin zangon Nima ta Accra, wanda ofishinsa na tura kaya ke kallon nata a titin Liuhua. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun girma, kuma ya daɗe yana jiran ta ba shi izini ya gaida mahaifinta. Sun shirya za ta yi wa Baba maganar ranar Juma'a, shi kuma ya iso Asabar bayan azahar.

Gidan ya fi yadda yake a hoto. Bangon falon duk gilashi ne, in ka zauna sai ka ga kamar ruwan zai shigo ya same ka. Daɓen katako ya miƙe daga ƙofa har cikin tafkin, an ɗaure ƙananan kwale-kwale masu launi a gefensa. Akwai kekuna jingine da bango, da murhun gashi, da wani baho a tsakar ciyawa yana fitar da tururi. Gaba kaɗan wasu iyalan Sinawa sun kafa tanti, yaransu na ta guje-guje da sandunan kamun kifi. Matar da ke kula da gidajen, wata 'yar guntuwa mai faffaɗar hula, ta zagaya da su, ta nuna wa Mero tukwane sababbi fil da ta ajiye musu saboda ta ji su Musulmi ne.

"Shiye-shiye, lauban," in ji Mero, tana yi mata godiya da Sinanci.

Malam Kallamu bai kalli ko ɗaya daga cikin kayan alatun ba. Takalminsa ya cire, ya taka ciyawa, ya yi ajiyar zuciya.

"Yau na tabbata ƙasar nan tana da ƙasa," in ji shi.

Da la'asar Mero ta haɗa shayi ta kai masa bakin ruwa. Ta zauna nesa kaɗan, ta buɗe baki, sai ta ji kanta tana tambayar ko sukari ya ji. Ta koma ciki, ta goge teburin da ba shi da datti, ta sake fitowa da dabino. Wannan karon har ta ce, "Baba, dama ina so," sai ya ɗago kai, ita kuma ta ƙarasa da cewa ya riƙa sa rigar sanyi. Matar da take tsayawa gaban mai masana'anta ta mayar masa da kaya kwali-kwali in ɗinki bai yi ba, ita ce harshenta ya yi nauyi. Ta yaya 'ya za ta dubi ubanta ta ce ga wanda take so? A gida da gwaggonta za ta aika. A nan babu gwaggo.

"Umma, kin faɗa masa?" Najiba ta raɗa mata a kicin.

"Ke, fita idona."

Rana ta faɗi maganar tana nan a cikinta.

Da safe ta shirya tsaf, ta ce ko me zai faru sai ta faɗa kafin ya gama karin kumallo. Ta yi sallama a ƙofar ɗakinsa, shiru. Ta tura. Gadon nan mai faɗi ko lotsawa bai yi ba, a ƙasa ya kwana, ga dardumarsa a naɗe, ga wayarsa a kai. Ta duba bayan gida, ta duba wajen kekuna, ta bi hanyar cikin gora tana kiran "Baba!" har muryarta ta fara dawo mata daga dutse. Ta dawo da gudu-gudu, gefen abayarta duk raɓa, ta buga wa mai kula da gida ƙofa.

"Meyo," in ji matar tana girgiza kai, wato ba ta gan shi ba. Sai ta leƙa wajen daɓen katakon, ta ɗaga hannu ta nuna. Igiya ɗaya tana lilo a cikin ruwa, babu kwale-kwale a jikinta.

Mero ta dafe kai. Ta san a ruwa ya tashi, amma wannan tun yana saurayi ne, yanzu ga hawan jini, ga gwiwa. Ta nemi jirgi mai inji, aka ce ya tafi da wasu baƙi can ƙarshen tafkin, direban ba ya ɗaga waya. Ta yi gaba ta yi baya a kan katakon, ta zauna, ta miƙe. Hadari ya fara taruwa a kan duwatsun gabas. Najiba ta ruga wajen masu tanti, ta yi musu bayani da Sinancinta na makaranta, wani magidanci mai kallon tsuntsaye ya ara mata madubin hangen nesa.

"Umma, ga jirgin can! A jikin ɗan tsibirin nan. Amma ban hango shi ba."

Ana haka wata baƙar mota ta tsaya a ƙofar gida. Rauf ne, zumuɗi ya hana shi jiran azahar. Ya fito cikin farar shadda mai sitaci, tana ta ƙara, da ɗan ƙunshi a hannu. Yana ganin fuskarta murmushinsa ya ɗauke.

"Hajiya, lafiya?"

Ta faɗa masa a gurguje. Ya dubi tsibirin, ya dubi kwale-kwalen da suka rage, ya cusa ƙunshin a aljihu.

"Zan tafi in kawo shi."

"Ka iya tuƙi?"

"Ni mutumin Accra? Teku fa muke da shi."

Ba ta tsaya jin ƙarin bayani ba. Ta ce ƙafarta ƙafarsa, don ba za ta iya tsayuwa a nan tana kallo ba. Mai kula da gida ta ɗaura musu rigunan kariya masu ruwan lemo, nata a kan abaya, nasa a kan shadda, ta tura su.

Ba su yi nisa ba ta gane cewa tekun Accra daga nesa Rauf ya san shi. In ya tsoma filafili a dama, jirgin ya juya hagu. In ya gyara, su koma suna kallon gidan da suka baro. Ruwa yana ta fallatso mata a fuska. Ta riƙe gefen jirgin da hannu biyu, bakinta bai huta da Hasbunallahu ba.

"Ka ce ka iya!"

"Yanzu ne ina koyo, Hajiya. Ki yi haƙuri."

Da ƙyar da jiɓin goshi suka matso tsibirin. Sai ga Malam Kallamu zaune a ƙarƙashin wata bishiya, ya naɗe wando zuwa gwiwa, ƙafafunsa cikin ruwa, hularsa a gefe. Da alama ya daɗe yana kallon su. Mero ta ji wani sanyi ya sauko mata, nan take kuma kunya ta biyo baya, don sai a lokacin ta tuna a wane hali yake ganin ta: ita da namijin da bai sani ba, su biyu a jirgi ɗaya.

Rauf ya miƙe don ya yi sallama cikin ladabi. Jirgin ya goce daga ƙarƙashinsa. Ya tafi da baya, ruwa ya rufe shi, sannan ya taso yana furzarwa, ruwan iya ƙirji.

Tsohon ya dube shi a tsanake.

"Mairo, wane ne wannan mai alwala da duk jikinsa?"

Ta sunkuyar da kai. Rauf ya tako zuwa gaɓa, shaddar ta manne masa, takalmi ɗaya ya tafi. Ya durƙusa a kan tsakuwa, ya zaro ƙunshin daga aljihu. Goro ne, manya farare, waɗanda ya zagaye unguwar 'yan Afirka kafin ya samo.

"Baba, sannu da hutawa. Sunana Rauf. Mero ya damu ƙwarai da bai gan ka ba, shi ne mun zo."

"Mero ya damu?" Malam Kallamu ya yi dariya har da tari. "Hausar da ba ta san mace ba. Kai mutumin Gana ne."

"Haka ne, Baba."

"Kuma da goro kake yawon ceton mutane?"

Rauf ya miƙa masa da hannu biyu. Tsohon ya karɓi ƙunshin, ya ɓare ɗaya, ya gutsura, ya juya wajen 'yarsa wadda har yanzu ke cikin jirgi.

"Tun jiya kike zagaye ni kamar kaza mai jin ƙwai. Na zaci karyewa kika yi a kasuwa kina jin nauyin faɗa. Ashe wannan ce."

"Baba, ka tayar mana da hankali," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa.

"Na ga ruwa, na ga jirgi. Me kike so in yi?"

Ya sa Rauf ya zauna, ya tambaye shi sunan mahaifinsa, da asalin kakansa, da inda ya yi karatu, da wanda ke riƙe da gidansu yanzu. Rauf yana amsawa haƙoransa na haɗuwa. Da ya gama sai tsohon ya ce, "To. Mairo ba yarinya ba ce, ta san abin da take so. Amma ba a neman aure a tsibiri. Ka tura manyanka Wudil wajen ƙanena, shi zai ba ka ko ya hana ka." Ya ƙara gutsurar goron. "A ina za ku zauna?"

"Nan tukuna, Baba. Amma ina da niyya in koma Accra, in bar ofis ga yarona."

"Najiba fa?"

Mero ta ji tambayar har cikin ƙashinta. Ita ce tambayar da ta daɗe tana kauce mata, ko da Rauf ba su taɓa zama a kanta sosai ba.

"Da ni za ta tafi," in ji ta.

"Dangin ubanta sun ce haka? Sun bar miki ita saboda kina zaune ba aure. Ranar da suka ji za ki kai musu 'ya wata ƙasa gidan wani, za ki ji muryar baffanta. Ita kanta yarinyar kin tambaye ta?"

Ba ta tambaye ta ba. Yayyafi ya fara sauka a kan ganye. Malam Kallamu ya miƙe yana dafa gwiwa, ya ce Mero ta dawo jirginsa. Ya ɗaure na Rauf a baya da igiya, ya ja su duka a hankali har gida, Rauf yana zaune a baya riƙe da filafilin da aka hana shi tsomawa.

Da rana, bayan ruwa ya ɗauke, masu tanti suka aiko musu da kifi. Rauf, sanye da jallabiyar Baba da ta tsaya masa a ƙwauri, yana ta fifita garwashi, tsohon yana gaya masa yadda ake noman rani a Kadawa. Mero ta ja Najiba suka bi hanyar cikin gora. Sun yi tafiya mai nisa kafin ta iya tambaya.

"Ina son Kawu Rauf," in ji yarinyar. "Amma ni ba zan je Accra ba, Umma. Ba kuma zan zauna gidan Baffa ba. Nan nake so in gama makaranta."

Mero ta tsinki ganye tana yayyagawa. Ta so ta yi faɗa, ta ga ba ta da abin faɗan.

Manyan Rauf sun je Wudil bayan Babbar Sallah, aka ba shi. Baffan Najiba ya yi fushi kamar yadda Baba ya faɗa, har ya daina amsa gaisuwar Mero, sai da Malam Kallamu ya taka da kansa zuwa gidansu a Kano aka tsaya a kan cewa yarinyar za ta gama sakandare a inda take, sannan a sake zama. Rauf ya ɗage komawarsa, bai ce har yaushe ba, ita ma ba ta matsa ba. Yayyensa dai suna kira daga Accra suna tambayar ranar da za su ga amarya, kullum sai ya miƙa wa Mero wayar ya ce ta yi musu bayani da kanta.