Huhun Rago da Famfon Keke

Duk wanda ya ratsa ajin Malama, in ka tambaye shi me ya fi tunawa, ba zai kawo maka sunayen ƙasusuwa ba, waɗannan ana gama jarrabawa suke bin iska. Huhun rago zai ce maka. Malama tana koyar da darasin jikin ɗan Adam ne ga 'yan sakandaren da suka zaɓi fannin kiwon lafiya, yaran da kowannensu ya riga ya ɗauki kansa likita tun bai iya ɗaura bandeji ba. Sau ɗaya a shekara, in an zo babin numfashi, takan shigo ɗakin gwaji da bokiti a rufe, da famfon keke a hammata. Ta shimfiɗa huhun a babban faranti, ta zura tiyo a maƙogwaron, ta ɗaure da zare, ta ce kowa ya matso. Abu ne laƙwas, kamar tsumman da aka jiƙa aka yar. Sai ta danna famfo. Huhun ya motsa, ya buɗe lungu bayan lungu, ya kumbura har ya cika farantin, ta saki ya koma ya kwanta. A nan masu toshe hanci suke mancewa da hancinsu, masu surutun bayan aji su yi tsit. Ita kuma ta ce, “To, aikin da ake yi muku ke nan a ƙirji tun da aka haife ku, ba wanda ya taɓa cewa sannu.”

Huhun daga hannun yayanta yake fitowa. Mahauci ne, teburinsa na cikin kasuwa a layin 'yan nama, kuma shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu har ta gama karatu. Ƙaton mutum ne mai dariyar da ake ji daga bakin titi. Huhu ba ya yafe ganganci: wuƙa ta ɗan lashe shi kawai, iska ta sami hanya, darasi ya tashi a banza. Don haka ranar da za a cire na Malama, Yaya ba ya barin kowa ya taɓa ragon. Yakan ajiye wuƙar gefe, ya bi da yatsu a hankali yana raba huhun da haƙarƙari, ya bar maƙogwaron da tsayinsa, ya naɗe a leda ya sa ƙanƙara. Kuma duk shekara, yana miƙa mata, tambayarsa ɗaya ce.

“Auta, wai da gaske tashi yake yi?”

“Tashi yake yi mana, Yaya.”

“Ikon Allah. Ni tun ina yaro nake riƙe huhu, ban taɓa ganinsa ba sai a kwance. Yaushe za ki kai ni in gani?”

“Bana dai shugabar makaranta ta tsananta a kan baƙi. Sai baɗi.”

Da ya so, da ya ari famfo wurin mai faci ya gwada a kan teburinsa. Ta ma taɓa faɗa masa haka. Ya ce a'a, shi a aji zai gani, tana tsaye tana bayani, yara na rubutawa. Sai ta canja zance. Wata shekarar ta ce ana gyaran ɗakin gwaji, wata ta ce masu duba makarantu za su zo. Baɗin nan kuwa ya yi ta zuwa yana wucewa.

Maganar gaskiya ita ce kunyarsa take ji, ba wani abu ba. A ɗakin malamai kowa na da ɗan'uwa mai sa farar riga ko mai ofis da sanyi, ita kuma nata yana da ƙarnin nama wanda ko an wanke da wane sabulu ba ya fita daga hannu. Akwai shekarar da ta makara, Yaya ya kawo bokitin da kansa har ƙofar makaranta, da rigar aikinsa. Malamin lissafi ya tambaye ta wane ne, ta ce, “Mai kawo mana kayan gwaji ne.” Yaya na tsaye bai fi taku uku ba. Ya gyara hularsa, ya ce, “A gama lafiya, Malama,” ya juya. Bai taɓa kiranta Malama ba sai ranar, bai kuma sake ba. Bai taɓa tayar da zancen ba, ita ma ta bi shi a haka, don shirun ya fi mata sauƙi.

Bara tari ya kama Yaya. Ya ce sanyin ƙanƙara ne, ya yi ta shan magungunan da abokan kasuwa suka ba shi shawara, har ranar da ya kasa ɗaga cinyar saniya daga ƙugiya. Malama ce ta kai shi asibiti. Da likita ya ɗora hoton ƙirjin a kan fitila, ba ta jira bayani ba. Ta zana huhu a allo ya fi a ƙirga, ta san inda ya kamata ya yi baƙi, kuma ta ga yadda fari ya cinye wurin. Likita na magana a hankali yana zaɓen kalmomi, Yaya na ta gyaɗa kai yana cewa an gode, ita kuwa tana kallon kafaɗunsa suna ɗagawa da kowane numfashi. Ya bar teburin ga wani abokin sana'arsa, ya koma gida ya zauna.

Da babin numfashi ya zagayo, ta shiga ofishin shugabar makaranta ta nemi izinin kawo baƙo. Shugabar ko ɗago kai ba ta yi ba daga takardun gabanta. “Ki kawo shi mana, ai abin so ne.” Shi ke nan. Malama ta fito ta tsaya a baranda, abin da ta yi shekaru tana jingina wa baiwar Allah ya ƙare a numfashi ɗaya, ta ji duk ta tsani kanta.

“Yaya, jibi ne darasin huhu,” ta ce masa da yamma. “Zan zo in ɗauke ka.”

Yana jingine da matasai uku, don yanzu ba ya iya kwanciya sosai. “Shugabar taku ta sauko?”

“Ta sauko.”

“Madalla. Wa zai cire miki?”

“Wanda ka bar wa tebur.”

“Mutumin kirki ne. Hannunsa ne dai da sauri.”

Ta je ta yi wa mutumin bayani dalla-dalla: kada wuƙa ta taɓa, a bar maƙogwaro da tsawo. Ya ce ya gane, yana faɗa yana auna wa wata mata nama, yana amsa waya da kafaɗa. Da safen ranar ta karɓa, ta buɗe ledar ta ga maƙogwaro da tsayinsa, ta ji daɗi ta rufe. Ba ta juya huhun ta duba bayansa ba. Ba ta ma san ana dubawa ba, don duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa buƙatar hakan ba.

Ta tarar da Yaya a shirye tun kafin lokaci, cikin kayansa na zuwa ɗaurin aure, waɗanda yanzu suka yi masa yawa. Ya zuba turare har yana hawa kai. Matarsa ta ce tun da safe yake goge hannuwansa da lemun tsami. Malama ta ji wannan, ta kau da kai ta ce su tafi kada su makara.

Ɗakin gwajin a sama yake. Matakalar da take haurawa kullum tana duba waya, yau ta zama tafiya. Yaya ya riƙe ƙarfen gefe, ya hau kaɗan ya tsaya, ya hau kaɗan ya tsaya, yana yi mata ba'a tsakanin numfashi cewa sun ɓoye ilmin ne a sama don kada mahauta su sace. Da suka shiga, ta ja masa kujera kusa da teburin, ta fuskanci ajin.

“Wannan yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mahauci ne. Duk huhun da aka taɓa hurawa a ɗakin nan kafin yau, shi ya cire shi.”

Yara suka miƙe suka gaishe shi, “Sannu da zuwa, Baba.” Wata ta tambaye shi ko gaskiya ne zuciyar saniya ta kai kan jariri girma, ya ce ta fi nata kan ma, aji ya fashe da dariya. Ba wanda ya yatsina fuska, ba wanda ya kalli wani. Malama ta so a ce ko mutum ɗaya ya yi, ko ta sami abin da za ta kare kanta da shi.

Ta shimfiɗa huhun, ta zura tiyo, ta ɗaure. Yaya ya turo jiki gaba, hannuwa a kan gwiwa. Ta danna famfo. Wani siririn sauti ya fito daga ƙarƙashi, irin na tayar da ta taka ƙusa, huhun ya ɗan girgiza ya tsaya. Ta sake dannawa da ƙarfi. Kumfa ja-ja ta ɓullo a gefen farantin. Ta ƙara ɗaure zaren, duk da ta san ba daga nan ba ne.

“Ɗaga shi, Auta,” in ji Yaya.

Ta ɗaga. Ga tsagar wuƙa nan a baya, tsawon ɗan yatsa. Ya naɗe hannun rigar ɗaurin auren, ya ƙi safar hannun da ta miƙa masa, ya zura hannu ƙarƙashi ya haɗa bakin tsagar ya matse. “Hura.”

Ta hura. Sautin ya ɗauke. Ta sake, gefen huhun ya fara buɗewa. Amma sunkuyon da Yaya ya yi ya matse masa ƙirji, tarin ya taso. Ya juyar da fuska ga bango don kada ya yi a kan yara, idanunsa a rufe, jikinsa duk yana jijjiga, yatsun dai ba su saki ba. A daidai lokacin huhun ya tashi. Ya kumbura ya cika farantin, yara suka ja numfashi tare, na baya suka hau kujeru. Malama ta ce, “Yaya, duba,” amma tarin bai bar shi ba. Wani tarin ya ƙara tasowa mai ƙarfi, hannunsa ya fizgu, tsagar ta yage har ƙasa, huhun ya sulale ya kwanta.

Da tarin ya lafa, ya share ido da bayan hannu, ya juyo ya kalli farantin.

“Ya tashi?”

“Ya tashi, Baba,” yaran suka ce. “Har ya cika farantin.”

“Na ji shi a hannuna,” ya ce. “Ban dai gani ba.”

Ta gwada matse yagewar da hannu biyu, ta sa wata ɗaliba ta danna famfo, iska ta yi ta ficewa ta tsakanin yatsunta. Ta so ta fara bayanin ko a haka ne, ya gan ta a gaban allo, amma leɓunansa sun riga sun canja launi, ita ce kuma ta koya wa yaran nan abin da hakan ke nufi. Ta ce su zana abin da suka gani, ta wanke masa hannu a famfon ruwan ɗakin, ta kama shi suka fita.

A tsakiyar matakala ya zauna ya huta. Ta zauna a gefensa, hawayen da take ta riƙewa suka zubo.

“Yaya, da tun tuni na kawo ka. Ba wanda ya taɓa hana ni.”

“Na sani,” ya ce, ba tare da ɗaci ba. Ya jira numfashi ya dawo. “Yaran suna jin maganarki. Na ga wannan.” Ya sake jira. “Bar kuka, kada su fito su gan ki. Baɗi ni zan cire miki da hannuna, sai in gani da kyau.”

Malama ta kalli kafaɗunsa suna ɗagawa suna sauka, ta kalli ramin da ke lotsawa a ƙasan wuyansa duk sanda ya ja iska. Kalmar da ta yi shekaru tana ba shi ce ya miƙo mata, kuma ya fi ta gaskiya a cikinta, don shi yana nufin abin da ya faɗa.

“To, Yaya,” ta ce. “Sai baɗi.”