Tsagar da Aka Ce in Goge

A ofishinmu akwai wata ɗabi'a da kowa ya sani: idan kwamfuta ta ƙi gama lissafi, sai a goge ƙananan tsagogi. Aikinmu shi ne mu zana dutsen ƙarƙashin ƙasa a cikin kwamfuta, mu saki ruwa a ciki, mu ga inda zai bi. Dutse mai yawan tsaga yana wahalar da na'ura. Idan aka goge su kuwa, sai ta gama kafin shayi ya huce.

Wani kamfanin rini ne ya kawo aikin. Suna son su tura gurɓataccen ruwansu cikin wata rijiya mai zurfi, mu kuma mu nuna wa hukuma ba zai kai rijiyoyin unguwar da ke gangare ba. Ni aka ba wa lissafin, ina cikin watannin gwaji, ba a tabbatar da ni a aiki ba tukuna.

Tsaga guda ce ta tsaya mana a wuya, siririya, doguwa, ta nufi gangaren. Na gan ta da idona a guntun dutsen da masu haƙa suka ciro, cikin akwatin katako a sito. Bakinta ja ne da tsatsa, tsatsa kuwa ba ta zuwa inda ruwa bai bi ba.

Bayan azahar Injiniya, shugabanmu, ya tsaya a bayan kujerata yana kaɗa makullin mota.

"Malama Shiru, har yanzu kwamfutar tana niƙa?"

"Tana yi, yallaɓai."

"Wannan har tsaga ce? Ko silin gashi ya fi ta kauri. Goge ta."

Dogo, wanda teburinsa ke kallon nawa, ya leƙo ta saman kwamfutarsa. "Ƙanwata, goge mana. Ni da kike gani na goge tsagar da ta fi tsayina, kuma ga ni ina barci lafiya."

"Kai ko a taro barci kake yi," in ji Injiniya. Aka yi dariya.

Ni ban yi ba. Na nuna masa allon. Lissafin bai kai rabi ba, amma jan launin da ke wakiltar ruwan rini ya riga ya bar rijiyar kamfani, ya kama tsagar yana zurara kamar mai a lagwani.

"Idan na goge, jan zai zauna wuri guda kamar yaron kirki," na ce. Muryata ta fito ƙarama, sai na ci gaba da ɗan ƙarfi. "A kwamfuta zai zauna, yallaɓai. A ƙasa ba zai zauna ba."

"Ke da ba a ma tabbatar da ke ba?"

"Na sani."

"To kin san abin da kike wasa da shi."

Na miƙe, na ja masa kujerar. "Ga ta nan. Ku goge da hannunku. Ni dai nawa ba zai yi ba."

Injiniya ya dubi kujerar, bai zauna ba. Ya juya ga Dogo.

Dogo ya ɗaga hannayensa. "Yallaɓai, ai aikin ba nawa ba ne. Kada in shiga shanun da ba ni da ko maraƙi."

Makullin ya daina kaɗawa. "Gwajinki ya ƙare yau," in ji Injiniya.

"Na ji, yallaɓai. Amma duk wanda ya tambaye ni inda ruwan nan zai bi, zan faɗa masa, ko hukuma ce."

Na ɗauki jakata da kofina. Ban kashe kwamfutar ba. Na fita, na fara sauka kan matakala. Dogo ya biyo ni zuwa bakin ƙofa.

"Ƙanwata, dawo ki ba shi haƙuri. Yanzu zai huce."

"Yaya, haƙurin me?" na ce, na ci gaba da sauka.