Motar da Ba Ta Shan Ruwa

Duk Tambuwal ba wanda bai ce Ɗan'iya ya haukace ba, ran da ya sayar da shanunsa na gado ya sayi mota. Motar ma wace iri? Wata 'yar ƙusumbi ta Jamus, wadda Baturen shanu ya gama morewa zai koma ƙasarsu. Injinta a baya yake, kuma abin da ya fi ɗaure wa mutane kai, ba ta shan ruwa. Iska ce ke sanyaya ta.

Surutun gari bai dame shi ba. Abin da ke cin ransa wansa ne Jumare, can Kebbe, wanda ya rene shi tun rasuwar ubansu. Tun da Jumare ya ji an kaɗa shanun kasuwa ya daina amsa gaisuwarsa. Saƙo ɗaya ya aiko, wai wannan ƙoƙon, in damina ta zauna, ko rabin hanyar Kebbe ba zai yi ba.

Ɗan'iya ya ci alwashin sai ya tsayar da motar a ƙofar gidan Jumare da tsakiyar damina, ko zai sake jin muryar wansa. Ya kai ta wurin Atu makanike a bakin tasha. Atu gwani ne, ba musu, amma in ya fara lissafi sai ka riƙe hularka.

"Turawa da doki suka auna ƙarfin inji," in ji Atu, "wagga nata talatin na. Talatin ba su fidda kai laka. In na kankare kan injin, mun samu fuɗu. In buɗe ma kafireta baki, ukku. Mu yanke salansa, biyu."

"Ita fankag ga mai hura ma injin iska fa?" in ji Ɗan'iya.

"Ita ma ƙarfi taka ci. Mu sassauta mata bel, ga ɗaya kyauta."

"Arba'in ke nan!"

"In Allah ya so. Amma za ta ɗau zafi. Ka riƙa tsayawa, ka bar ta ta huce da kanta."

Kashedin nan ta bayan kunne ya bi, arba'in ɗin kaɗai Ɗan'iya ya ji. Kafin magariba ta zama hamsin a bakinsa. Ko goman ta shiga injin ko ba ta shiga ba, Allah masani, ba wanda ya auna. Abin da kowa ya shaida shi ne ƙara, don in ya tayar da ita awakin unguwa sai sun tsinke igiya.

Ranar da ya kama hanya an kwana ana ruwa. To, a faɗi gaskiya, 'yar banzar ta yi abin kai! Ta keta laka tana ihu, ta wuce wata babbar motar gyaɗa da ta kafe har gindi, yaran motar suka bi ta da ido. Ɗan'iya ya ji warin ƙauri na tasowa daga baya, ya tuna Atu, ya ce a ransa ta huce a Kebbe. Bai tsaya ko'ina ba.

Ya tarar da Jumare zaune kan buzu a ƙofar gida. Ya kashe mota, ya ɗaga murfin baya don injin ya sha iska, ya zo ya durƙusa a gaban wansa.

Jumare ya daɗe yana kallon motar.

"Da ƙafatta ta zo?"

"Da ƙafatta, Yaya."

"To. Sannu da hanya. Shiga ka sha ruwa."

Wallahi sai da hawaye suka zo wa Ɗan'iya. Ya shige zaure yana sharewa da hannun riga, matar Jumare ta kawo masa fura, ya sha, ya ji duniya ta yi masa daidai.

Sai dai a gidan Jumare ba a taɓa ba baƙo ruwa an bar abin hawansa ba, jaki ne ko raƙumi. Kuma Jumare ya sha ganin yaran manyan motoci na ɗura musu ruwa a kasuwa. Bai aiki kowa ba, don girmamawa. Da Ɗan'iya ya fito, dattijon ya gani tsaye a bayan motar, rungume da tulu, yana juye ruwan randa mai sanyi a kan injin da ke ci kamar murhu.

Tururi ya tashi. Sai wani sauti, ƙas! Ɗan'iya ya san sautin nan. Kan injin ne, wanda Atu ya kankare, ya tsage.

"Ƙishi taka ji, baiwar Allah," in ji Jumare, yana murmushi. "Ta yi ƙoƙari. Na janye maganata, Ɗan'iya, ba ka yi asara ba."

Ɗan'iya ya buɗe baki. Shanunsa ne gaba ɗaya ke tashi a tururin nan. Ya dubi wansa, riga ta jiƙe sharkaf, hannuwa na rawa saboda nauyin tulu, fuska cike da murna.

"Ta gode, Yaya."

"In ƙaro mata?"

"A'a," in ji Ɗan'iya. "Ta ƙoshi."