Jar Wayar da Ba a Ɗaure Ba

"Sau huɗu ke nan a wata ɗaya, Auta," in ji Yaya, tana nuna soket ɗin da keken ɗinkinsu ke jone da shi. "Wutar ce ba ta son mu, ko mai gyaran ne yake son wata?"

Auta ta sunkuyar da kai kan rigar da take yi wa kalmasa. Ta ce tsufan wayoyi ne, shi ma Injiniya haka ya faɗa. Amma zuciyarta ba ta yarda da bakinta ba. Duk zuwan da zai yi sai ya buɗe ɗan akwatin da ke saman soket, inda wayoyi ke haɗuwa, ya juya musu baya. Gyaran minti biyar, hira ta awa guda. Ita kuwa hirar nan take jira kamar me.

Da Yaya ta fita sayen zare, Auta ta kashe wutar shagon gaba ɗaya, ta taka kujera, ta kwance murfin. Warin ƙonanniyar roba ne ya fara tarbar ta. Baƙaƙen wayoyi da koraye an murɗe su tsaf, an ɗaure kowane haɗi da ɗan mahaɗi mai ƙusa. Jajayen kuwa, masu ɗauke da wuta, an ɗora bakin ɗaya a kan ɗaya ne kawai, aka naɗe da salatef. Salatef ɗin ya narke, cikin akwatin ya yi baƙi. Ƙasa da shi kuma ga tulin yadin mutane.

Hannun da ya iya biyu, ta yaya zai kasa na uku?

Tana nan tsaye Injiniya ya yi sallama, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Da ya ga akwatin a buɗe, murmushin ya tsaya masa a rabi. Ya ce keken ne yake jan wuta da yawa, ya ce damina ce, ya ce mahaɗin ne ya ƙare masa rannan. Yana faɗa yana zaro wani daga aljihun gaban rigarsa, irinsu ɗaya sak da biyun can, ba tare da ya ko lalubi jakar aiki ba.

"Tun yaushe yake aljihunka, Injiniya?"

Ya yanke ƙonannen wurin, ya feƙe sabon baki, ya murɗa da filaya, ya ɗaure ƙusar tam. Ko minti biyu bai yi ba. Auta ta miƙa hannu ta ja wayar da kanta. Wayar ba ta motsa ba. Nan ne idonta ya cika, don da ta so a ce bai iya ba ne.

Ya sassauta murya ya ce ai ya san iyakar abin da ya sassauta, ba zai taɓa bari wani abu ya same ta ba.

Yaya ta shigo riƙe da zare, ta dube su.

"Yaya," in ji Auta, "gobe ki nemo wani ya duba mana wayoyin shagon nan duka. Wannan kam ya gama zuwa, wurin soket da wurina."