Fatihu da Kaset ɗin Oga

A shekarar da gwamnati ta kwaso kujerarta daga Legas zuwa Abuja, babu wanda bai san Fatihu direba ba a kasuwar Zuba. Wani injiniya ɗan Italiya yake tuƙawa, a kamfanin da ke shimfiɗa titi. Duk Asabar yakan zo saya wa oga ayaba da abarba, kuma ba ya tafiya sai ya jefa wa masu lemo kalma biyu ko uku na yaren ogan nasa.

"Ni fa Italiyanci har mafarki nake yi da shi," in ji shi.

Gaskiyar kuwa, abin da ya iya bai wuce na wajen aiki ba: kawo siminti, yi sauri, tsaya, sai zagi kala huɗu.

Ran nan oga ya ba shi kyautar kaset ɗin bidiyo. Fatihu ya kasa riƙe baki, ya je ya nuna wa Yamusa mai gidan bidiyo. Al'adar gidan Yamusa, in an sa fim ɗin da ba a jin yarensa, mutum ɗaya ke tsayawa gefen talabijin da makirfo yana fassarawa. Kafin Fatihu ya ankara, Yamusa ya rubuta da alli a allon ƙofa: LAHADI BAYAN LA'ASAR, FIM ƊIN ITALIYA, FASSARAR FATIHU.

Cewa bai iya ba yanzu, ai gara ya daina zuwa Zuba.

Ranar Lahadi benci ya cika da leburori da masu dako da 'yan kamasho. Fim ya fara. Ga wani basarake na zamanin da, da gashin ƙarya fari fat kamar auduga, hanci a sama, yana zuba magana kamar famfo ya ɓalle. Fatihu ya kasa kunne. Ko ɗaya bai kama ba.

"Direba, muna jin ka!" wani ya ce daga baya.

Can sai basaraken ya daka wa baransa tsawa, kalmar da Fatihu ya sani ta faɗo. Ya cafke ta.

"Ya ce ku yi sauri! Ya ce simintin nan da kuka kwaɓa, kunu ma ya fi shi kauri!"

Ɗakin ya kece da dariya. Fatihu ya share zufa, ya gyara tsayuwa. Basaraken ashe shaƙiyyi ne na bugawa a jarida: ya sa barorinsa suka sanya wa wani bunsuru riga da gashin ƙarya, suka zaunar da shi a teburin manyan baƙi.

"Ya ce ga sabon shugaban leburori, jiya aka turo shi daga Legas, kowa ya gaishe shi!"

Wani mai dako har faɗowa ya yi daga benci.

"Ba haka ya ce ba."

Muryar daga bakin ƙofa ta fito. Rita ce, 'yar Karshi, shekararta bakwai tana dafa wa Italiyawan kamfani abinci. Gwanda ta zo saya, ta jiyo yaren a lasifika. Yamusa ya tsayar da kaset. Bunsuru ya daskare a allo, yana kallon Fatihu.

"Anti Rita," Fatihu ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "sannu da zuwa."

"Direba, ina siminti a wannan gida? Mutumin nan cewa ya yi wai bunsurun nan shi ne kawunsa, babban alƙali. Wanda bai sumbaci hannunsa ba, babu abinci. Yamusa, kunna su gani."

Yamusa ya kunna. Baƙi suka jeru, manya da su, kowa ya duƙa ya sumbaci kofaton bunsuru.

Duk idanu suka dawo kan Fatihu. Ya nemi ƙarya ɗaya da za ta fisshe shi, bai samu ba. Ya dubi makirfon, ya dubi ƙasa.

"To," ya ce. "Ni na wajen gini na iya. Yaren fada kuwa sai Anti."

"Ashe mafarkin ma na siminti ne!" in ji Surajo mai abarba. Aka yi ta ihu ana buga benci, har shi Fatihun sai da ya dara.

Ya miƙa wa Rita makirfo. Ta fassara daidai, kalma bayan kalma, fuska a ɗaure kamar mai karanta labarai a rediyo. Minti biyar, ɗakin ya yi tsit. Wani ya yi hamma.

"Anti," Surajo ya ce, "gaskiyarki mun ji, amma fa babu gishiri."

Rita ta harare shi, sannan ta jawo hannun rigar Fatihu.

"Ni zan faɗa maka a kunne, kai ka sa yaji. Amma duk Asabar, kwandunana a motar oga."

"Har da ke, Anti. A gidan gaba."

Haka aka ƙarasa fim ɗin, tana raɗa masa, yana zubawa. Sau ɗaya kawai ya ƙetare iyaka: da basaraken ya zame ya faɗa kwalbati, Fatihu ya ce, "Ya ce a kawo siminti!" Rita ta mintsine shi, makirfo ya ɗauki ƙararsa.

Washegari Yamusa ya goge allo, ya sake rubutu: ITALIYANCIN RITA, BAKIN FATIHU. Sau uku aka maimaita kaset ɗin a makon nan.