Hannun Illo

Illo masunci ne a Wara. Wata ranar kasuwar Yelwa ya faɗo daga kan kabu-kabu, hannunsa na dama ya karye. Aka kai shi wani asibitin kuɗi, inda Likita Benjamin ya gyara ƙashin, ya sa masa siminti.

Kwana biyu yatsunsa suka kumbura, suka yi sanyi ƙalau. Ya koma ya tarar da layi har waje. Da aka zo kansa, likitan ya dubi hannun daga inda yake zaune.

"Karaya ce, malam, dole ta yi ciwo. Sha wannan, ka dawo bayan mako biyu."

Bai kai mako biyun ba. A kwana na shida aka fasa simintin a Birnin Kebbi, aka tarar ɗaurin ya matse jini, hannun ya mutu. Aka yanke shi daga gwiwa.

Da farko 'yan dubiya sun yi ta zuwa. Sannu a hankali ƙafa ta ɗauke. Abokansa na fita ruwa da asuba, su dawo a gajiye, hirarsu duk ta raga da kifi, shi kuwa ba abin da zai tsoma. Matarsa Hasiya ta koma sarin kifin wasu tana banda. Shi kuma sai ya wuni a gindin wata tsamiya, yana kallon ruwa.

Can bayan shekara guda, wani ramammen mutum ya zo ya yi masa sallama. Sai da ya zauna Illo ya gane shi.

"Likita? Kai ne haka?"

"Ni ne. Amma na bar aikin. An rufe asibitin bayan bincike. Matata ta kwashe yara sun koma Zuru."

Wani jirgi ya taso daga tsallake shaƙe da buhunan gero, suka bi shi da ido har ya iso gaci.

"Abu guda nika son sani," in ji Illo. "Ranar da na koma, mi ya hana ka taɓa yatsuna?"

Benjamin ya daɗe yana murza tafinsa.

"A da na ce gajiya ce, ko yawan mutane. Ba haka ba ne. Na ɗauka na riga na san abin da zan gani. Minti ɗaya ya ishe ni, Malam Illo. Ban tashi daga kujera ba."

"To. Na ji."

"Na zo ne in roƙi..."

"Bari dai. Ban ce na yafe ba, ban ce ban yafe ba. Ban sani ba tukuna."

Duk da haka likitan bai tashi ba, Illo ma bai kore shi ba. Suka zauna har aka kira la'asar, sannan Benjamin ya miƙe don kada motar Yelwa ta bar shi. Ya miƙa hannun dama, ya tuna, ya yi saurin janyewa. Illo ya ba shi na hagu.

A gida Hasiya ta tambaye shi wa aka gani tare da shi a bakin ruwa.

"Wani ne daga Yelwa," ya ce, ya jawo buta da ƙafa.